Lissafi a Bayan Tabarma

Ƙauyen Nyombe, Dedza
Oktoba

Zuwa ga taubashina Lufeyo Mbewe,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kuna lafiya, kai da Fanesi da yaran, kuma ƙafar nan taka da na ji an ce tana kumbura ta sace. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Mun gama huɗa muna jiran ruwa. Yaya Gidiyoni idanunsa sun yi rauni, amma bakinsa yana nan da ƙarfinsa. 'Yata Tamanda ta sauka lafiya tun Yuli, mace aka samu, an sa mata Takondwa.

Na san za ka ce shekara da shekaru ban tuna da kai ba sai da buƙata ta taso. Faɗi son ranka. Kakarka da kakana ciki ɗaya suka fito, don haka dole ka jure ni.

Ka tuna sikelin nan da nake ratayawa a mangwaron bayan coci duk ranar awon yara. Tun Tamanda tana goye nake wannan aiki. Yaran da na auna da su ne yau suke kawo mini nasu, har sunana ya ɓace, sai dai Uwar Sikeli. Aikina in sa yaro a wandon awo, in rataya, in duba allura in faɗi lamba da ƙarfi, jami'in lafiya Bambo Kamanga ya rubuta a kati. To yanzu an ƙara masa ƙauyuka, an ce duk mai riƙe da sikeli ita za ta cika kati da hannunta, ta lissafa abin da yaro ya ƙaru ko ya ragu, ta san leda nawa ta markaɗaɗɗiyar gyaɗa za a ba wanda ya rame. Za a yi mana jarrabawa a Linthipe cikin Mayu. Wadda ta faɗi za ta miƙa sikeli ga wata.

Lufeyo, lamba ina karanta ta sarai. Amma da an ce cire wannan daga wancan, ga kuma ɗigon nan zaune a tsakiya, sai kaina ya ɗau zafi. A aji huɗu na tsaya, ka sani. Bambo Kamanga ya nuna mana irin tambayoyin, har da wata da aka cusa harafin x a cikin lambobi. Na gyaɗa kai tare da kowa kamar na gane, alhali ni sanina haruffa gidansu daban, lambobi gidansu daban.

Akwai ajin manya a makarantar coci da la'asar, kuma kyauta ne. Amma ka san malamin? Wyson, mijin Tamanda. Mutumin da in na hango shi a hanya nake ratsewa cikin gona, shi ma ya ratse ta ɗaya gefen. Tun da ya zo ya gina ɗakinsa a bayan rumbuna ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, shi ma bai taɓa ganina ina cin abinci ba. Shi ne zan je in zauna gabansa a bencin yara, ya tambaye ni bakwai a cire uku, in ce masa biyar? Ba zan iya ba.

Ka nemo mini littafi a can birni, na manya, wanda ba zomaye da balan-balan a ciki. Kada ka kira waya, ta Tamanda ce. Kada kuma ka aiko ta akwatin makaranta, mabuɗin yana hannun Wyson. Ka aiko kantin Nasibeko a Linthipe, ina zuwa niƙa can.

Taubashiyarka,
Enelesi

Gandun shayi, Mulanje
Nuwamba

Enelesi, matata ta ƙauye,

Na karɓi takardarki, na gode wa Allah da kuke lafiya. Ƙafa ta yi sauƙi. Fanesi tana gaishe ki, ta ce in dai lissafi ne ya sa kika tuna da mijinki na farko, to a ƙara muku jarrabawa duk shekara. A sumbaci Takondwa, Allah ya sa kada ta ɗauko hancin gidanku.

Wato ke da kika hana ni sakat muna yara don na kasa hawan itacen gwaiba, yau ɗigo ya tsare ki. Na yi dariya, amma ba sosai ba, don na san abin da sikelin nan yake a wurinki. Ni ma shekaruna duka a bakin sikeli na yi su ina auna ganyen shayi.

Ranar Asabar na shiga Limbe na bi masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a gefen titi. Na samo wanda ba zomo ko ɗaya. Shafukan amsa da ke baya na yage su na ajiye a wurina, don na san halinki. Ki riƙa yin aikin a takarda kina aiko mini ina dubawa. Na kuma roƙi wata nas a asibitin gandunmu ta rubuta miki tambayoyi irin na awo, suna cikin littafin. Sannan rediyo yana yin darasin lissafi na manya Talata da Juma'a bayan azahar, ki nema.

Maganar ɗigo ba wani abu ba ce. Dubi fuskar sikelinki, tsakanin bakwai da takwas akwai ƙananan zane goma. Abin da ke hagun ɗigo cikakken kilo ne, na damansa kuma ƙananan zanen nan ne. In za ki cire, ki jera ɗigo ƙarƙashin ɗigo kamar maɓallan riga. In na sama bai isa ba, ki ari kilo ɗaya daga maƙwabcinsa ki farfasa shi goma.

Shi kuwa x, buhu ne da aka ɗaure bakinsa. Ba ki san abin da ke ciki ba tukuna, shi ya sa aka ba shi suna. Nauyin yaro na watan jiya, a haɗa da x, ya ba da nauyinsa na yau. To mene ne x in ba abin da ya ƙaru ba? Kin daɗe kina ganinsa a cinyoyin yara, sunansa ne kawai ba ki sani ba.

Batun surukinki kuwa, ku mutanen tsakiyar ƙasa kun cika riƙe abu. Mu nan gandu an gauraya, kowa da yarensa, mijin 'yata har shayi muke sha a kofi iri ɗaya. Yaron nan malami ne, aikinsa ke nan. Ni ban ga abin gudu ba, amma ke kika san gidanki.

In kin ci jarrabawa, ladana ɓeraye ne gasassu a tsinke, irin na bayan girbi. Nan ba su iya su ba.

Naki,
Lufeyo

Nyombe
Disamba

Lufeyo,

Ina gaishe ku duka. Ruwa ya sauka, masara ta tsiro da kyau, sai dai bayana yana ciwo da noma. Takondwa ta fara zama, kuma hancin gidanmu ta ɗauko, sai ka yi haƙuri.

Littafi ya zo. Yana cikin kwandon gari, ƙarƙashin faifai, shi ya sa za ka ga takardun da na aiko sun yi fari-fari. Rediyon nakan tafi da shi gona in zauna ƙarƙashin bishiya, amma matar da ke koyarwa tana gudu kamar ana korarta, kafin in jera maɓallan rigarka ta wuce wani shafi. Abin da ya fi yi mini amfani ƙwayar masara ce. Goma kilo ɗaya. In zan ara sai in ɗebo tsibi in warwatsa. Jiya kaji suka cinye mini kilo biyu ina cikin tunani.

Matsalar ita ce nisa. Takardun farko da ka duba sai da suka yi makonni kafin su dawo, kuma duk tsawon lokacin ina ta maimaita kuskure ɗaya, ina cire ƙarami daga babba ko da wanne ne a sama. Shafi uku na ɓata haka ina ta jin daɗin kaina. Da na ga jan bironka sai na ji kamar an tuɓe mini zane a kasuwa. Mayu tana matsowa, ni kuwa ko rabawa ban taɓa ba.

Shi ya sa ranar Alhamis na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Na ɗauki fartanya kamar mai wucewa gona, na zagaya ta bayan makaranta, na raɓe jikin bango ƙarƙashin tagar ajin manya. Ba shiga zan yi ba, saurare kawai. Ya iya koyarwa, Lufeyo. A hankali yake magana, yana maimaitawa, har na gane abin da matar rediyo ta yi mako tana faɗa ban kama ba. Ina tsaye ina ƙirga da yatsu, sai ga shi ya fito zai kakkaɓe tsumman allo. Muka yi ido huɗu, ni da yatsuna a sama. Ya koma ciki da sauri, ya ja ƙofa, ya rufe tagar.

Ban san yadda na kai gida ba. Ranar ban sa komai a bakina ba, kuma tun daga nan in na ji takunsa a tsakar gida nakan shige ɗaki har sai ya fita.

Ga shafi huɗu nan, ka duba. Kada ka tausaya mini.

Enelesi

Mulanje
Janairu

Enelesi,

Muna lafiya, an yi Kirsimeti lafiya. Gaisuwar ta tsaya nan don raina a ɓace yake.

Na karanta takardarki sau uku. Wato yaron da ya zo garinmu da akwati ɗaya, aka ba shi 'ya, aka ba shi gona, aka ba shi wurin gini, shi ne zai ga uwar matarsa ta zo neman ilimi ya rufe mata ƙofa da taga a fuska kamar akuya ta leƙo? Don ya yi makarantar malamai? Har ki kwana da yunwa a gidanki saboda shi? Ba a raye nake ba ke nan.

Na san ke ba za ki yi magana ba, don haka ni na yi. Na rubuta wa Yaya Gidiyoni, tunda shi ne babba a kanku, na kuma rubuta wa kawun Wyson da ya tsaya masa a aure. Na zayyana musu komai dalla-dalla, jarrabawar da sikelin da wahalar da kike sha da ɗigo, da yadda kike ɓoye littafi a kwandon gari, don su san girman abin da ya yi. Na ce a zauna a kansa. Wani direban babbar mota da ke zuwa Dedza ya tafi da takardun, yanzu sun isa.

Ki kwantar da hankalinki. Shafukanki suna nan, zan duba in na huce.

Lufeyo

Nyombe
Fabrairu

Lufeyo Mbewe,

Muna raye. Ban tambayi ƙafarka ba.

Takardunmu sun yi saɓani a hanya. Bayan Kirsimeti na rubuto maka cewa Tamanda ta zo ta gaya mini dalilin rufe ƙofar, har na ɗan ji sanyi. Ina zaton yanzu ta iske ka. Ka karanta ta da kyau, sau uku kamar waccan.

Bari in ba ka labarin aikinka. Yaya Gidiyoni ba ya gani, ka manta ko ba ka damu ba. Ya tara mutane a gindin bishiyar ƙofar gidansa ranar Lahadi bayan coci, lokacin da kowa ke wucewa, ya miƙa takardarka ga sakataren coci ya ce ya karanta. Ka san muryar mutumin nan, ba ya buƙatar lasifika. Ya karanta komai. Da ya zo kan kwandon gari sai na ji maƙwabciyata Nachisale ta ce daga baya, "Ashe shi ya sa tuwon gidan yake ɗanɗanon tawada." Mata suka tuntsire da dariya. Matan da na auna su suna tsirara suna tsala ihu, Lufeyo.

Yaya ya juyo wajena ya ce, "Ke Enelesi, gaskiya ne ba ki iya cirewa ba?"

Na ce, "Gaskiya ne, Yaya."

Ya ce, "To duk shekarun nan me kike yi a gindin mangwaro?"

Ƙasa nake kallo, ina fata ta tsage.

Wyson yana can nesa a kan kututture, ya ba mu baya kamar yadda ya kamata. Aka ce ya yi bayani, sai ya yi wa kawunsa raɗa, kawun ya faɗa. Ya ce matan ajin suna fuskantar tagar, in da ya bar ta a buɗe da ɗaya ta miƙa wuya ta ga surukarsa a raɓe da bango, kuma kafin magariba gari ya ɗauka. Ya rufe ne don ya rufa mini asiri. Ya ce tun ranar bai gaya wa kowa ba sai matarsa. Yaron ya rufa mini asiri da ƙofa ɗaya, kai kuma ka tona shi da takarda biyu daga ƙasan dutsen Mulanje.

Dattawa suka ce ba laifi a kansa. Yaya ya sa aka kama kaza aka ba kawun don a wanke zargin da aka yi wa ɗansu, kuma kazata ce. Aka watse.

Ranar awo ta zo ban fita ba. Na ce bayana ne. Bambo Kamanga ya aiko aka karɓi sikelin daga ƙusar da yake rataye a ɗakina, wata yarinya Yamikani da ta gama sakandare ta yi awon. Ina kwance ina jin kukan yara daga bayan coci. An ce ta yi da kyau, kuma ta cika katin da kanta ba ta ko taɓa yatsunta ba. Yanzu in na bi ta rijiya yara suna ce mini Kaka Ɗigo.

Littafinka yana nan cikin gari, ban sake buɗe shi ba. Ka daɗe a cikin shayi har ka manta yadda ake zama da mutane. Kada ka sake rubuto mini.

Enelesi

Mulanje
Maris

Enelesi,

Kin ce kada in rubuto, ga shi na rubuto. Ina fata bayan ya yi sauƙi, in da gaske ciwo yake.

Takardarki ta bayan Kirsimeti ta iso kwana kaɗan bayan motar ta tafi da nawa. Na karanta ta a tsaye a bakin sikeli, leburori suna jira, na kasa ɗaga kai. Fanesi ta ce mini, "Kai da aka ce ka nemo littafi, wa ya aike ka shari'a?" Na ga an taɓa ki ne, idona ya rufe, ban tsaya na tambaye ki ba. Kunyar da kika sha ni na jawo miki ita, kuma daga nan ba ni da yadda zan ɗauke miki ko kaɗan daga ciki. Na rubuta wa Wyson da kawunsa na ba su haƙuri.

Na duba shafukanki na Disamba. Cikin ashirin kin ci sha huɗu, kuma duk inda ake ara kin ara daidai. Ban tausaya miki ba. Ga shafukan amsar da na yage na mayar miki, ba ni da hurumin riƙe su yanzu.

Ki zage ni in kina so, amma ki buɗe littafin.

Lufeyo

Mulanje
Afrilu

Enelesi,

Shiru har yanzu. Na aika a tambayi Nasibeko, ta ce kin karɓi takardar kin sa a zane kin wuce. Mayu ta zo gab. Ko layi ɗaya ne ki rubuto, in san ko za ki zauna jarrabawar.

Lufeyo

Nyombe
Yuni

Taubashina mai shari'a,

Gaisuwa gare ka da Fanesi, ita ta fi cancanta. Yaya ƙafa? Mun gama girbi, rumbu ya kusa cika. Tamanda ta sha zazzaɓi makon jiya amma ta tashi. Takondwa tana rarrafe tana cin ƙasa.

Na bar ka cikin shiru da gangan, don ka ɗanɗana. Yanzu ya isa.

Bayan zaman nan na yi makonni ba na fita sai gona. Wata rana da yamma ina ɓare gyaɗa a ƙofar ɗakina, Wyson yana can gefen rumbu ya ba ni baya, Takondwa a cinyarsa. Sai na ji ya ɗaga murya kaɗan yana ce wa jaririyar, "Takondwa, in kin ga kakarki, ki gaya mata an rataya tabarma a kusurwar aji. Wanda ya zauna a bayanta ba ya ganin kowa, kowa ma ba ya ganinsa." Yarinyar da ko haƙori ba ta gama fitarwa ba. Na ci gaba da ɓare gyaɗata kamar ban ji ba. Sai da na kwana biyu ina juyi, sannan na ɗauke ta ina yi mata wasa kusa da ɗakinsu, na ce, "Ki gaya wa babanki an ji."

Kada ka ɗauka abin ya zo da sauƙi. Tabarmar ba ta kai ƙasa ba, ƙafafuna a waje suke, kuma ba wanda bai san ƙafafuna ba a garin nan. Ranar farko Nachisale ta leƙo ta taga ta ce, "Tabarma ta zo karatu?" Na zauna a bencin yara gwiwoyina suna taɓa haɓata, zufa tana bin bayana, na rantse ba zan dawo ba. Washegari na dawo. Na ga kunyar da nake gudu an riga an yi mini ita a gaban gari, abin da ya rage kawai in rasa sikeli a kanta.

Nakan turo allona ta ƙarƙashi, wata ta miƙa masa. Bai taɓa kiran sunana ba. In na yi daidai sai ya ce, "Bayan tabarma, haka ne." In na yi kuskure sai ya juya wa dukan ajin ya ce, "Akwai waɗanda suka manta da ara, mu sake," alhali ni kaɗai ce na manta. Shafukan amsarka kuma sun yi amfani, a gida da su nake duba kaina, kuma sau ɗaya kawai na leƙa kafin in gama.

Mun yi jarrabawa a Linthipe. Na danna fensir har ya huda takarda. Tambayoyin buhunka mai ɗaurarren baki guda biyu ne, na kwance ɗaya, ɗayan ya ƙi. Da aka liƙa sunayen waɗanda suka ci, na fara dubawa daga sama, ina sauka ina sauka har na fid da rai. Sunana ne na ƙarshe, daga shi sai ƙusa. Yamikani ce ta ɗaya, an ba ta ƙauyen ƙetaren rafi.

Ranar Laraba aka yi awon farko da ni da biro a hannu. Mata sun cika fiye da kullum, kuma na san ba duka ne suka zo don yara ba. Ina cikin aiki sai na ji layi ya yi tsit. Na ɗaga kai kaɗan, na ga takalmansa. Tamanda tana kwance da zazzaɓi, shi ne ya ɗauko Takondwa da kansa ya bi layin mata, kuma nan ba tabarma.

Ya tsaya a gefe yana kallon mangwaro. Wata ta karɓi yarinyar ta miƙo mini da katinta. Na sa ta a wando na rataya. Allura ta tsaya a takwas da ɗigo uku. A kati, watan jiya, bakwai da ɗigo takwas. Uku ba ta isa a cire mata takwas ba, Lufeyo, sai an ara, kuma gari duka yana kallon hannuna. Na jera ɗigo ƙarƙashin ɗigo, na ari kilo na farfasa shi, na rubuta. Na sake dubawa. Sannan na sauke yarinyar na riƙe ta a ƙirjina, na ce, "Takondwa, ki gaya wa babanki kin ƙaru da rabin kilo."

Aka miƙa masa katin. Ya daɗe yana dubawa, irin duban da yake yi wa allo. Can ya ninke katin ya sa a aljihu, ya karɓi 'yarsa, ya ce mata, "Ki gaya wa kakarki ban ga gyara ba."

Na sunkuya ina gyara igiyar wandon awo, wadda ba abin da ya same ta, har sai da idona ya bushe. Sannan na ce a kawo na gaba.

Ɓerayenka suna nan a tsinke, zan ba direban nan naka in ya zo, tunda ya san hanya. Rabi ne kawai, ka san dalili. Ka kuma koma Limbe ka nemo mini littafi na biyu, buhun nan da ya ƙi kwancewa yana damuna.

Taubashiyarka,
Enelesi, Uwar Sikeli